Tsofaffin Katunan Gidan Waya: Shaidun Da Ke Kwance Cikin Adaka

 A wannan mako filin namu zai duba wani ɓangare na gado wanda malamin rabo ba ya sa shi cikin lissafi, magada kuma ba sa jayayya a kansa, alhali kuwa shi ne abin da ba a iya mayar da irinsa in ya salwanta. Idan dattijo ya riga mu gidan gaskiya, aka zauna rabon abin da ya bari, akan ƙidaya gida da gona da dabbobi da kuɗin banki da tufafi. Daga ƙarshe sai a buɗe adakarsa ko gafakarsa, a tarar da takardu ɗaure da zare: rasiɗin haraji, da tsohon fasfo, da wasiƙu, da waɗansu 'yan katuna masu hoton Ka'aba ko na jirgin ruwa ko na wata kasuwa da ba wanda ya san inda take. Sai wani ya ce tarkace ne. Wanda ya fi tsoron Allah cikinsu ya ce akwai sunan Allah a jiki, kada a bari a tattaka, a ƙona. Da kyakkyawar niyya ake cinna wa tarihin gida wuta.

Abin da muke nufi da katin gidan waya shi ne ɗan kwalin nan mai hoto a fuska guda, a bayansa kuma akwai wurin rubutu da wurin adireshi da wurin manna kan sarki, ana jefa shi a gidan waya ba tare da ambulan ba. An fara fitar da shi a daular Austiriya cikin watan Oktoba na 1869, Ingila ta bi a 1870. Da fari ba a yarda a rubuta kome a bayansa ba sai adireshi. A 1902 ne Ingila ta yarda a ja layi a raba bayan gida biyu, saƙo a hagu, adireshi a dama, sauran ƙasashe suka bi cikin 'yan shekaru. Sauƙin kuɗinsa da gajartar saƙonsa su suka sa ya zama wasiƙar matafiyi.

SU WA SUKA AIKO SU?

Katunan da ake tararwa a gidajenmu yawanci ta hanyoyi huɗu suka shigo.

Hanya ta farko ita ce ta alhazai. Kafin jirgin sama ya yawaita a shekarun 1950, mai niyyar Hajji yakan bi ta Maiduguri, ya ƙetare zuwa Fort Lamy, ya wuce Abeshe, ya shiga Sudan ta Jinaina, ya bi Fashir da Ubayyid, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin ana yi ana tsayawa neman guzuri. Da yawa sun tsaya noman auduga a Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, waɗansu suka zauna a garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Waɗansu sun dawo, waɗansu sun yi aure can sun hayayyafa, kabarinsu ma can yake.

Ta biyu ita ce ta fatake, musamman masu safarar goro zuwa Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawan da ke can suka watsu zuwa Kete Karachi da Kumasi da Ankara da sauran zangogi. Da gwamnatin Dokta Busia ta kafa dokar korar baƙi a watan Nuwamba na 1969, gidaje da yawa suka rabu biyu, rabi ya dawo, rabi ya zauna. Sau da yawa tsohon kati mai adireshin zango shi kaɗai ne igiyar da ta rage tsakanin ɓangarorin nan biyu.

Ta uku ita ce ta sojojin yaƙin Hitila, waɗanda aka kai Gabashin Afirka a 1940 da 1941, da waɗanda aka kai Indiya da Burma cikin runduna ta 81 da ta 82 daga 1943 zuwa ƙarshen yaƙin a 1945. Wasiƙar soja sai an tace ta kafin ta fita, kuma ba a yarda ya faɗi inda yake ba. Saboda haka akan ga hatimin mai tacewa a jiki, a ga lambar sojan, amma ba sunan gari.

Ta huɗu ita ce ta ɗalibai da ma'aikata da aka tura kwas. Malam Abubakar Tafawa Balewa ya tafi London ƙaro ilmin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi a 1946, aka kuma tura waɗansu malamai Bakhtar Ruda ta Sudan a shekarun 1950. Bayansu ɗaruruwan malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e sun bi sawu, kowa kuwa yakan aiko wa gida kati, ko da gaisuwa ce kawai.

DARASI DAGA MALAMAN HADISI

Kafin mu shiga yadda ake karanta kati, ya kamata mu ari ma'auni daga magabata. Malaman hadisi sun ƙidaya hanyoyi takwas da mutum yake ɗaukar ilmi daga wani, kamar yadda Ibnus Salahi, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan Hijira, ya tsara su cikin Muƙaddimarsa. Mafi ƙarfi ita ce ji daga bakin malami. Ta ƙarshe ita ce wadda suke kira wijada, watau mutum ya tsinci rubutun wani wanda bai ji daga bakinsa ba. Ba su ce a jefar da irin wannan rubutu ba, amma sun hana mai tsintuwa ya ce wane ya gaya mini. Sai dai ya ce ya samu da rubutun hannun wane, in ya tabbata hannunsa ne. In kuwa bai tabbata ba, sai ya ce ya sami rubutu ana cewa na wane ne.

To, duk wanda ya buɗe adakar kakansa mai wijada ne. Katin da ke hannunsa shaida ne, kuma shaida ana yi masa tambayoyi: yaushe ka zo, daga ina, wa ya rubuta ka, me ka gani da idonka, me kuma ake ɗora maka wanda ba ka faɗa ba? Wanda ya kiyaye wannan ladabi zai fita da tarihi. Wanda ya yi sakaci da shi kuwa zai fita da tatsuniya, ya kuma gadar wa 'ya'yansa ita da sunan gaskiya.

A FARA DA BAYAN KATI

Ido yakan ruga wajen hoto, amma hujja tana baya. Abu na farko da za a duba shi ne hatimin gidan waya, wannan zagayen baƙin tambari da ake bugawa a kan kan sarki. Yana ɗauke da sunan garin da aka jefa katin da ranar da aka jefa shi. Wannan shaida ce ta wanda ba shi da dangantaka da gidanku, ba shi kuma da abin da zai samu in ya yi ƙarya. Wani lokaci akan sami hatimi na biyu na garin da katin ya sauka, sai a san kwana nawa ya yi a hanya. A lura cewa sunayen garuruwa suna sakewa. Fort Lamy ta zama Njamena a 1973, Gold Coast ta zama Gana a 1957, Bombay ta zama Mumbai a 1995. Wanda ya nemi tsohon suna a sabuwar taswira zai sha wahalar banza.

In hatimi ya dushe, sai a koma ga kan sarki. Mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa ita kaɗai ya girmi haɗewar 1914. Mai hoton Sarki Joji na Biyar na tsakanin 1910 da 1936 ne, na Joji na Shida daga nan zuwa 1952, na Sarauniya Elizabet kuma daga 1953 zuwa samun mulkin kai a 1960. In kuɗin da ke jiki na sule da kwabon Ingila ne, to, kafin Janairun 1973 ne, lokacin da aka shigo da naira. A Gana sidi ya maye gurbin fam a 1965. Na Damagaram ko Maraɗi mai ɗauke da sunan Afirka ta Yamma ta Faransa na zamanin mulkin mallaka ne, kafin 1960. Na Sudan mai hoton masinja a kan raƙumi an fara shi tun 1898, an kuma daɗe ana maimaita shi, saboda haka shi kaɗai ba ya yanke shekara. Don Allah kada a ɓamɓare kan sarki don a ba yaro mai tara su. Wanda ya yi haka ya yanke wa shaida harshe.

Daga Hijaz akan sami kwanan wata na Hijira da lambobin Larabci. Hanyar juya shi mai sauƙi ce: a raba shekarar da 33, abin da ya fito a ɗebe shi daga shekarar, a ƙara 622. Misali, 1380 in an raba da 33 ya ba da kusan 42, a ɗebe ya rage 1338, a ƙara 622 ya zama 1960. Lissafin yakan kauce da shekara guda, gama shekarar 1380 ta fara a tsakiyar 1960 ta ƙare a tsakiyar 1961, watau wanda ya yi Hajjin shekarar a 1961 ya tsaya Arfa.

Sa'an nan a duba adireshi da kyau. A zamanin da, mutane kaɗan ne suke da akwatin gidan waya. Akan aika ta hannun wani: ofishin En'e, ko hakimi, ko kantin wani kamfani, ko Sarkin Zango, ko fatoman da fatake suke sauka gidansa. Wannan suna na ta hannun wane yakan fi saƙon kansa amfani, domin yana nuna wanda kakanka ya amince da shi, da wanda yake ciniki da shi, da unguwar da za a fara tambaya in ana neman zuriyarsa a yau.

RUBUTU DA JERIN GAISUWA

Rubutun kansa yana iya zama na ajami ko na boko ko Larabci. Ajaminmu na hannun Magariba ne, inda fa'un yake da ɗigo a ƙasa, ƙafun kuma ɗigo guda a sama, don haka wanda ya saba da bugun Masar kawai yana iya karanta suna a karkace. A kai wa alaramman da ya yi karatun allo da Warshu. Tsohon boko kuma yana da nasa hali: akan rubuta "ch" inda muke rubuta "c" a yau, ba a kuma bambanta haruffa masu lanƙwasa da marasa ita ba sai da ɗigo, ko ma a bar su haka nan.

Kada a gaggauta cewa wannan hannun kakanmu ne. A bakin kowane babban gidan waya akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa a biya su, a barikin soja kuma akawu ko abokin da ya iya boko shi yake rubuta wa sauran. In katuna uku daga mutum guda sun zo da hannu uku, to, an san shibta ya yi. Haka nan kalmomin buɗewa da na rufewa, irin su dubun gaisuwa da fatan alheri, ba lalle ne su zama nasa ba. Rubuta wasiƙa fanni ne mai ƙa'idoji a ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, har Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934, ya wallafa littafi sukutum a kansa. Maganar mutumin ta ainihi takan zo a tsakiya, jimla biyu ko uku: na sauka lafiya, goro ya yi tsada, an yi mini haihuwa, a biya wane bashinsa.

Amma inda dukiyar take shi ne jerin gaisuwa na ƙarshe. Bahaushe ba ya rufe wasiƙa sai ya ce a gai da wane da wance. Wannan jeri tamkar ƙidayar mutanen gida ce a ranar da aka rubuta shi, kuma akan bi girma wajen jerawa. In an jera katuna bisa shekarunsu, sai a ga suna ya shigo, watau an yi aure ko haihuwa, a ga wani ya fita, watau an yi rasuwa ko rabuwa. Sai dai a nan ma a yi hattara. Fitar suna alama ce, ba hujja ba ce, gama mantuwa tana faruwa, wuri ma yakan ƙare. Har ila yau alkunya takan hana a ambaci sunan uba ko na ɗan fari ko na suruki, sai a ce Malam, ko Mai Sunan Baba, ko Yaya Babba. Ba hatimin da zai warware maka waɗannan laƙabobi. Sai mutum.

SA'AN NAN A JUYO GA HOTO

Hotunan iri biyu ne, kuma rashin rarrabe su ya jefa mutane da yawa cikin kuskure. Iri na farko shi ne wanda aka buga dubbai don sayarwa. A zamanin mulkin mallaka yawancinsu don Turawa aka yi su, su aika wa danginsu. Wani Bafaranshe mai suna Fortier da ya zauna a Dakar shi kaɗai ya fitar da dubban irinsu na Afirka ta Yamma. Akan ɗauki mutum a kasuwa, wani lokaci a tsara masa tsayuwa, a rubuta a ƙasa cewa wannan Bahaushe ne ɗan kasuwa, ba suna, ba gari. Dattijo mai rawani da ke jikin irin wannan kati ba kakanka ba ne don kawai an tsinci katin a adakarku. Abin da yake shaidawa shi ne cewa wani naku ya saye shi a inda ake sayar da shi, ya ga ya dace ya nuna wa gida.

Iri na biyu shi ne hoton da mutum ya je wurin mai hoto aka ɗauke shi, aka wanke a kan takarda wadda aka riga aka buga wa layukan kati a baya. An yi haka ƙwarai a rabin farko na ƙarni na 20. Irin wannan ba shi da sunan kamfanin bugu ko bayani a ƙasa, wani lokaci yana da hatimin mai hoton da garinsa. Shi ne ake sa ran ya zama fuskar ɗan gida, ko abokinsa da ya ba shi don tunawa. Nan ma sai wanda ya san fuskar ya tabbatar.

Hoton sayarwa ma yana taimakon lissafi in an san tarihin wurin. An fara babban faɗaɗa Masallacin Ka'aba na zamanin Sa'udiyya a 1955. An rushe ginin da ke kan Maƙamu Ibrahim aka sa masa murfin gilashi a 1967. An aza harsashin ƙarin Sarki Fahad a 1988. A Nijeriya motoci sun koma bin hannun dama a watan Afrilu na 1972, saboda haka hoton titin Kano ko na Ikko da motoci suke bin hagu ya girmi wannan shekara. Amma a riƙe wannan ƙa'ida: hoto yana nuna cewa ba a aiko katin kafin lokaci kaza ba, ba ya nuna ranar da aka aiko shi, domin kati yakan shekara goma a kanti kafin a saye shi.

INDA MAGANA TA TAƁA HAƘƘI

Wani zai ce duk wannan sha'awa ce ta masu lokaci. To, ga inda ta zama wajibi. Sharaɗi ne a gado a tabbata cewa magaji yana raye lokacin da mai dukiya ya rasu. In an rasa sanin wanda ya riga wani mutuwa, ba sa gadon juna. Mutumin da ya ɓace ba a san labarinsa ba kuwa, wanda malaman fiƙihu suke kira mafƙudi, Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta bayyana cewa ana yanka wa matarsa shekara huɗu bayan ta kai ƙara an yi bincike, sa'an nan ta yi takaba, amma ba a raba dukiyarsa sai lokacin da irinsa ba ya wucewa a raye ya shuɗe.

Mu ɗauki misali. A ce mutum ya fita Hajjin ƙasa a 1948, mahaifinsa ya rasu a 1952, aka raba gida da gona ba a ware masa kome ba, bisa zaton ya mutu a hanya. Yau sai ga kati daga Wad Madani da hatimin 1954, yana cewa yana lafiya, an haifa masa ɗa namiji. Wannan ɗan kwali ya nuna cewa mutumin ya rayu bayan mahaifinsa, watau yana da rabo, rabon kuma ya gangara ga zuriyarsa in suna nan. Ba muna cewa kati shi kaɗai yana tabbatar da nasaba ko ya warware rabon da aka yi ba. Wannan aikin alƙali ne, kuma malaman Malikiyya sun yi bayani mai tsawo a kan shaidar rubutun hannu da shaidar abin da ya shahara a bakin jama'a, da sharuɗɗan kowace. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya ga irin wannan takarda ya ɓoye ta ko ya ƙona ta don kada gona ta ragu, ya san abin da ya aikata. Haka nan in kati ya ambaci bashi ko ajiya. Biyan bashi yana gaban rabon gado, tsufan takarda kuwa ba ya sauke nauyi daga wuyan mamaci.

A GAGGAUTA ZUWA WURIN TSOFAFFI

Mun ce ji daga baki ya fi tsintuwa ƙarfi. Saboda haka aikin da ya fi kowane gaggawa shi ne a haɗa katin da wanda ya san mutanen da ke cikinsa. Mafi yawan lokaci mata ne: kaka, da gwaggo, da inna, da tsohuwar da aka auro gidan tana yarinya. Su ne suka san wace ce Ta Sallah, wane ne Ɗan Gwaggo, da dalilin da ya sa aka daina gai da wance. A je da katin a zauna, a karanta musu a hankali, kada a sa musu amsa a baki. Maimakon a ce wannan ai Baba Alhaji ne ko, sai a ce Gwaggo, kin san wannan fuska? A tambayi mutum biyu dabam dabam. A rubuta abin da kowa ya faɗa da sunansa da ranar da ya faɗa, in da hali a ɗauki muryarsa a waya da izininsa. In maganarsu ta saɓa, a rubuta duka biyu, kada a zaɓi wadda ta fi daɗi. Kati yana iya jiran shekara hamsin nan gaba in gara ta ƙyale shi. Tsohuwar da za ta fassara shi ba ta da wannan lokaci.

Wanda yake son ƙarin bincike, musamman ma'aikatan gwamnati da suka saba da fayil, yana iya zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa da aka kafa a 1970, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa. Lambar soja, ko sunan makaranta, ko shekarar Hajji, suna iya buɗe ƙofar da ba a zata ba.

AJIYA DA NIYYA

Takardun mamaci na magada ne duka, ba na wanda ya riga kai hannu ba. Raba su kuwa ɓarna ce, domin ƙimarsu tana cikin jeruwarsu. Abin da ya fi shi ne magada su yarda a kan amintacce guda ya riƙe su, a ɗauki hoton kowane kati gaba da baya, a rarraba wa kowa har da na Gana da na Sudan. Kada a liƙa su da gam ko salatif, kada a rufe su da robar da ake narkawa da zafi, kada a yi rubutu a kansu da biro. A sa kowane cikin ambulan nasa, a rubuta bayaninsa da fensir a jikin ambulan, a ajiye nesa da ƙasa da bango mai laima, a riƙa dubawa kowace damina saboda gara da kyankyaso. Girmama sunan Allah da ke jiki ya fi cika da tsabtatacciyar ajiya. In ƙonawa ta zama dole don takarda ta riga ta lalace, to, a karanta a kwafe tukuna.

Saura niyya. Hadisi ya zo a littafin Tirmizi yana kwaɗaitar da koyon nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi, Musulunci kuma ya hana alfahari da asali da sukar asalin wani. Mai bincike zai tarar da abin da zai yi murna da shi, zai kuma tarar da abin da bai so ba: kakan da ake cewa attajiri ne ashe ɗan dako ne a Kumasi, ko auren da aka ɓoye, ko saɓanin 'yan'uwa. Ba a gyara tarihi don ya yi kyau, ba a kuma tallata aibin mamaci a dandalin intanet. Abin da ya shafi haƙƙi a kai shi ga masu haƙƙi da alƙali. Abin da ya shafi sirri a bar shi cikin gida. Ɗan dakon da ya tara kwabo kwabo ya sayi kati ya gai da mahaifiyarsa ba abin kunya ba ne ga kowa.

Su magabatan nan sun sauke nasu nauyin. Suna cikin baƙunta da ƙarancin guzuri, amma ba su yarda labarinsu ya yanke daga gida ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Yau da tafiyar shekara uku ta koma ta sa'a biyar, wanda ya sami adireshin ɗan'uwan kakansa a Sabon Zango ko a Mai Wurno ba shi da hanzari in bai nemi zuriyarsa ba. Ya kai mai karatu, in akwai adaka a gidanku wadda ba a buɗe ba tun rasuwar mai ita, ka nemi izinin sauran magada ka buɗe ta a wannan mako, sa'an nan ka nufi ɗakin wadda ta fi kowa shekaru a gidan.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da kakanninmu, na kusa da waɗanda ƙasa ta rufe su a nesa. Allah ya ba mu ikon mayar da haƙƙi ga masu shi, ya sa mu cikin masu sada zumunci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.